Zanen da Na Yi Tsumma da Shi

A shekarata ta biyu a Dubai ina zaune a unguwar Satwa, ɗaki ɗaya da wata mata 'yar wata ƙasa ta tsakiyar Afirka. Ni ina karɓar baƙi a wani asibitin haƙori, ita kuma kitso take yi. Ta girme ni sosai, don haka Anti nake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, wurin Hausawa mahautan garinsu ta koya, tana kirana ƙanwata.

Wata Juma'a gyaran ɗaki ya faɗo kaina. Na nemi abin goge ƙasa na rasa, sai na ga wani tsohon zanen atamfa ya faɗo daga igiyar shanya, ya koɗe, bakinsa duk ya zare. A gidanmu a Kano in zane ya kai haka ba a ma tambaya, tsumma ake yi da shi. Na yaga shi gida uku.

A jikinsa akwai fuskar wani mutum cikin zobe-zobe, mai sanyin ido, da farar kwala a wuya. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, ina goge ƙasa ina tsara masa labari. Na mai da shi attajirin da ya buga hotonsa a ankon biki don ya burge amarya.

Da Anti ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna ta ciro ƙyallen daga bokiti, ta matse a hankali.

"Ƙanwata," in ji ta, "kin goge ƙasa da fuskar wanda ya hana a daki kakana."

Ashe limamin coci ne. Zamanin Turawa ana kwasar mazan ƙauyensu aikin tilas, wanda ya gaza a yi masa bulala. Shi ne ya fara faɗa a huɗubarsa cewa wannan zalunci ne, daga nan jama'a suka bi shi neman 'yanci. Bai kai ga ganin ranar samun 'yancin ba. Zanen na mahaifiyarta ne, da shi aka goya ta, kuma shi kaɗai ta ɗauko da mahaifiyar ta rasu.

Kwana uku daga gaisuwa ba ta ƙara ce mini komai ba. A na huɗu na ji tana waya tana neman gadon haya a wata unguwa, Warsan. Hankalina ya tashi, don ita ce ta yi jinyata da zazzaɓi ya kwantar da ni, ba ni da kamarta a garin.

Na wanke ƙyallayen na kai wa wani dattijon tela a layinmu. Ya ɗaga su a haske ya ce zaren ya mutu, ba zai riƙe ɗinki ba, sai dai a shimfiɗa su kan farin yadi a bi da hannu. Na ce ya nuna mini. Kwana biyar ina zuwa bayan aiki, yana gyara mini riƙon allura yana tsokanata wai ɗinkina kamar sawun kaza.

Da na miƙa mata ta daɗe tana shafa inda yagar ta ratsa kafaɗar mutumin. Sai bakina ya suɓuce na tambaye ta ko ya taɓa son wata mace.

Ta yi dariya har da hawaye. "Ke dai da soyayya. Kawo ƙusa."

Muka kafe shi a bango saitin gadonta, gefen da ba na fuskanta in zan yi salla. Ba ta sake zancen Warsan ba.