Na Je Ɗanɗana Miyar Alhaji

Da asuba muka bar Matamaye, ni da yayar mijina, ko karyawa ba mu yi ba. Da gangan muka fita da yunwa, don tafiyar ta cin abinci ce. Waɗanda suka san ni sun san rumfata ta bakin tasha, inda nake sayar da tuwo da shinkafa tun kafin in haifi autana. To, wani Alhaji ne ɗan Damagaram, mai gidajen abinci masu araha a garuruwan kan hanya, ya aiko mini. Yana so ya buɗe reshe a Matamaye, daidai inda rumfata take, in zama mai kula da tukunya, yana biyana a wata. Mijina ya tafi Kano cin rani tun kafin a gama yankan ɗan geron da aka samu bana. Da na kira shi, sai ya ce in je in gani da idona, in ɗanɗana da bakina, kuma in tafi da Yaya, don ita ba ta iya ɓoye abin da ke ranta.

Motar cike take da maza, kowa da ƙullin kayansa a cinya. Gari na wayewa muka fara ganin gonaki. Karan gero ko gwiwa bai kai ba, ya bushe a tsaye, ba zangarniya. A wani ƙauye wani dattijo ya riƙe akuya a bakin hanya yana ɗaga mana hannu, ba wanda ya ko tambayi kuɗinta. Tun da sojoji suka karɓi mulki shingaye sun ƙaru, sai mu sauka, jandarma ya duba takardunmu, mu sake hawa. Ba su takura mana ba, amma hawa da saukar ta gama da gwiwoyin Yaya tun kafin mu kai Kance.

A Kance muka fara ganin reshen Alhaji, an shafe shi da fenti shuɗi da rawaya, da kujerun roba a jere. Ba su buɗe ba tukuna, muka wuce. A Takeita muka sauka muka shiga na can. Fenti iri ɗaya, kujeru iri ɗaya, har kallabin masu zuba abincin iri ɗaya. Shinkafa da wake dala hamsin, kuma gaskiya an cika faranti, ya yi tozo. Ni a wannan kuɗin rabin haka nake iya zubawa, shi ma ina jin zafinsa.

Loma ta farko na gane shinkafar. Karyayya ce wadda ta daɗe a sito, tana da ɗan warin buhu. Miyar ja ce wur, amma jan ba na tumatir ba ne kaɗai, kuma gishiri da yaji sun rufe kome. Yaya ta yi ta juya cokali a cikin faranti har na ce, “Yaya, me kike nema?”

Ta ce, “Naman da aka zana a bango. Ina jin tun a Kance ya sauka.”

Na yi dariya, amma idona na kan mutane. Ba kujerar da ba kowa. Masu tafiya cin rani ne yawancinsu, suna ci da sauri, ba hira. Ban ji wanda ya yaba ba, ban kuma ga wanda ya rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Rana ta take muka shiga Damagaram, jikina duk ya yi tsami. Babban gidan abincin Alhaji na kusa da tasha, da firigo da fanka, da talabijin a sama wani hafsa yana jawabi ba mai saurare. Muka sayi tuwo da miyar kuka don mu gwada wani abu daban. Tuwon masara ne, ya yi laushi, ba laifi. Miyar kuwa ba daddawa ko kaɗan, ruwa ya yi mata yawa, tana zamewa daga loma kafin ta kai baki. Yaya ta ci rabi ta ture, ta ce ita a gidan makoki ma ta ci wadda ta fi wannan.

Alhajin ya zo da kansa ya gaishe mu. Mutum ne mai fara’a, shi ma da alamar gajiya a idonsa. Ya kai mu baya inda ake girki. Manyan tukwane ne a jere, a nan ake dafa miyar dukan rassan, a zuba a robobi, mota ta rarraba. Aikina a Matamaye shi ne in dafa shinkafa da tuwo, in ɗumama miyar da aka kawo, in zuba da ludayin da za a ba ni.

Na ce, “Alhaji, in na ga ta yi salam, ba zan ɗan ƙara daddawa ba?”

Ya ce, “Malama, na san miyarki. Na taɓa ci a rumfarki, shi ya sa na aiko miki. Amma in na yi irin taki, waɗannan mutanen da kika gani ba za su iya shigowa ba. Bana mai neman daɗi kaɗan ne.”

Da muka fito, sai na ga wani magidanci da matarsa da ’ya’ya biyu a teburin ƙarshe, da buhunan kayansu a ƙasa, ka san daga ƙauye suka taso gaba ɗaya. Faranti ɗaya suka saya. Uwar tana tura wa yaran, uban yana ɗan taɓawa yana kallon waje. Na tsaya ina kallo har suka gama, suka sha ruwa, ƙaramin ya kwanta a jikin uwarsa ya yi barci. Da a rumfata suka sauka da wannan kuɗin, da sun ce miya ta yi daɗi, su tashi da yunwarsu. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da Alhaji ya faɗa.

A hanyar dawowa ƙwannafi ya dame mu mu biyu. Motar ta tsaya a wani fili ruwanta ya tafasa, muka zauna a inuwar wani gawo muna jira. Yaya ta dube ni ta ce, “Abincin nan ba daɗi, kada ki bari wani ya ce miki da daɗi.” Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, “Amma ki karɓa. Tiyar gero kullum hawa take, masu sayen abincinki kuma sun tafi Kano. Yaran ƙanena ba za su ci suna ba.”

Da la’asar sakaliya muka iso gida, ƙafafuna sun kumbura. Na yi salla, na kira Alhaji na ce na amince, za a fara fenti bayan kasuwa mai zuwa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a shekara irin wannan mutum ƙoshi yake saya, kuma wanda ya cika masa faranti bai cuce shi ba, ko da miyar ta yi salam. Na yarda da haka, amma yardar ba ta sa na ji daɗi ba.

Washegari na ɗora tukunyata kamar kullum, na zuba daddawa ba tare da na auna ba. Wani tsoho mai gyaran takalma, wanda ya daɗe yana cin tuwona, ya zo ya zauna, ya ci, ya suɗe kwanon da yatsa.

Ya ce, “Yau kam kin yi miya, ’yata. Allah ya bar mana ke.”

Na ce amin, na ƙara masa ludayi ɗaya. Ban iya gaya masa cewa na kusa daina yin wannan miyar ba.