Tsohuwar Kawu Muttaƙa

Kawu Muttaƙa ƙanen mahaifiyata ne. A unguwar Albarika ta Parakou kowa ya san shi, ko dai da gita a wuya, ko zaune a ƙofar gida yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, yana tafiya kamar wanda aka aika inda ba ya son zuwa. Danginmu 'yan goro ne tun kaka da kakanni, asalinmu Djougou. Shi kaɗai ya bauɗe. 'Yan uwansa suna yayyafa wa goro ruwa a cikin huhu, shi yana bayan gida yana ɗaura waya a gwangwanin madara yana kaɗawa. An yi duka, an yi rubutun sha, daga baya aka gaji aka ƙyale shi. Haka aka yi da ni a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa jininmu ya haɗu. Sunana Taufiƙ, zem nake ja, wato babur ɗin haya.

Dukiyarsa a duniya ampili ce, wadda ake jona gita da ita don sauti ya fito. Wani makaɗi ɗan Togo ya bar masa ita tun ba a haife ni ba. Akwati ce baƙa, kusurwoyinta sun goge, nauyinta ya kai na buhun doya. A bayanta akwai 'yan kwalaben gilashi da ake kira lampu, waɗanda suke yin ja kamar garwashi in an kunna. Ba ta magana sai ta ɗumama. Kawu yana kiranta Tsohuwa. In za a je biki a mota, kujera yake kama mata, shi ya matse a gefe. Matarsa Inna Latifa ta taɓa cewa da ita ma ana kama mata kujera haka, da ta san an aure ta.

Shekara da shekaru yana kaɗa wa Rauda, mawaƙiyar bikin mata. A bikinmu akwai rawa, akwai kuma abin da ya fi rawa. In an yi tsalle an gaji, Rauda takan ɗaga hannu, masu ganga su tsaya cak, sai ta shiga kiran asalin gidan amarya: wane ne ya fara ɗauko goro daga Gwanja, wa ya haife shi, wa ya haƙa rijiyar ƙofar gida, wace ce ta ciyar da fatake a shekarar yunwa. A nan tsofaffin mata suke miƙa kunne. In ta tsallake suna ɗaya, a take za a gyara mata, kuma za a riƙe abin har bikin jikoki. A ƙarƙashin muryarta ba a jin komai sai gitar Kawu, a hankali, tas-tas, kamar ɗigon ruwa a randa. Don wannan wurin ake ɗaukarsa. Ni da nake ganin kiɗansa na mutanen da ne, ko ni nakan yi shiru a wurin.

Sai zamani ya zo da sono, wato manyan kayan sauti. Yanzu mai biki ba ya jin ya yi biki sai an jibge lasifika masu tsayin mutum. Rauda ta ɗauki wani saurayi, Abdoulaziz, mai piyano irin wadda ganga da algaita da komai suke cikinta. In rawa ta yi zafi, sai ka ga yatsun Kawu suna gudu a kan waya, gumi yana zuba, amma ba ka jin ko ƙis.

Rauda ta zo gida da kanta wata rana da hantsi. Ta gaida Inna Latifa, ta sha ruwa, sannan ta juyo.

"Yaya Muttaƙa, ba a jin ka."

"Masu kunne suna ji."

"Masu kunnen sun ƙare, Yaya. Masu biki suna tambayata, wancan dattijon me yake yi, rakiya ya yo? Bikin 'yar Alhaji Aboubacar yana tafe a Djougou. In ba a ji ka a can ba, ban san abin da zan ce musu ba kuma."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Ita ma a gajiye take. Kawu ya ci gaba da murza gwiwarsa. Ba ya da wata sana'a. Goro ma bai iya zaɓa ba, in ka aike shi sai ya sayo maka mai tsutsa.

Ni na fara kawo shawara, tunda bakina ba ya zama. Na ce a sayi fedal. Wata 'yar akwatin ƙarfe ce kamar sabulu, ana sa ta tsakanin gita da ampili. Ka taka, sauti ya tashi. Ka sake takawa, ya koma yadda yake. Ba a taɓa cikin ampili ko kaɗan. Na ɗora shi da Tsohuwa a bayan babur, bayana ya san ranar, muka je shagon Ismail mai sayar da kayan kiɗa, kusa da kasuwa.

Ismail ya jona, ya jira Tsohuwa ta ɗumama yana hamma, ya taka. Sautin ya zabura. Ya yi ƙarfi ƙwarai, ya yi kaifi, har mai sayar da lemo a waje ya leƙo.

"Voilà, tonton! Wa zai ce ba a jin ka yanzu?"

Kawu ya kaɗa kaɗan, ya karkata kai. "Da hanci take magana."

"Wa?"

"Tsohuwa. Ka sa ta magana da hanci, kamar mai mura."

Gaskiya akwai ɗan wannan. Ƙarfin ya ƙaru, amma kaurin ya ragu, kamar an tsinka koko da ruwa. Ismail ya ce ai a cikin hayaniyar biki babu mai lura. Ya ce Kawu ya gwada takawa da kansa. Kawu ya dubi abin a ƙasa ya ja ƙafarsa baya.

"Ni ba na taka abin da nake ci da shi."

"Tonton, don takawa aka yi ta!"

"Ubana bai taɓa tsallake huhun goro ba, balle ya taka. Ni kuma in zauna gaban mata ina tattaka kayan aikina kamar mai kashe kyankyaso?"

Na ce, "Kawu, ni kullum giyar babur nake takawa, kuma da ita nake ci."

"Shi ya sa ba ka ƙoshi."

Ismail ya yi dariya har ya riƙe kanta. Ya ƙara da cewa fedal tana cin pil, wato batir, kuma in pil ya yi sanyi sai ta fara kukan akuya. Da ya yi shiru da ya fi. Muka ɗauko Tsohuwa muka dawo.

Hanya ta biyu a Djougou take, wajen Yaou mai gyaran rediyo, abokin Kawu tun suna yara. Muka shiga mota ana jibi biki. Shagon Yaou wani ɗan ɗaki ne da gawarwakin talabijin suka cika, shi kuma yana tsakiya da tabarau ɗaure da zare. Ya kwance bayan Tsohuwa ya leƙa.

"Ana iya yi," in ji shi. "Lampun farkon nan mai sanyin hali ne. In cire shi in sa mai zafi, in canza 'yan ƙananan abubuwa biyu a bayansa. Ƙarfin daga cikinta zai fito, ba aro ba."

"Ba takawa?"

"Ba takawa. Amma ka ji, Muttaƙa. Abin nan ba ya zaɓe. Duk abin da ya shigo zai ƙara shi, mai daɗi da marar daɗi. Kuma ba ya da maɓallin komawa. In ta zama mai faɗa, ta zama ke nan."

"Ta yi ta faɗan. An ce ba a jin ta."

Yaou ya ɗora ƙarfensa a wuta, ɗakin ya cika da warin dalma. Ni na fita na ci doya da miya na dawo, na tarar an gama. Da Kawu ya kaɗa waya ɗaya, sai da na ji ta a ƙirjina. Ba zan yi ƙarya don shawarata ta faɗi ba: fedal ɗin Ismail ba ta kama ƙafar wannan ba. Sautin ya yi kauri, ya yi ɗumi, yana jan wutsiya, kamar muryar babban mutum da ya yi gyaran murya a zaure. Kawu ya yi murmushi. Na manta rabon da in ga haƙoransa na sama.

Ranar biki da azahar aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a unguwar. Ba wanda ya damu, aka tayar da gurup, wato janareta, a bayan katanga aka ja waya. Tun da aka kunna Tsohuwa na ji wani ɗan gurnani a ƙasa-ƙasa, wanda babu shi a shagon Yaou, amma ganguna suka rufe shi.

Rawa kam ta yi. Gitar Kawu ta hau kan piyano, ta hau kan ganga, ta tsaya a sama. Mata suka juyo suna neman inda abin yake fitowa. Wata ta zo ta yi masa liƙi a goshi, abin da aka daɗe ba a yi ba. Abdoulaziz yana ta murɗa nasa maɓallan yana harare-harare. Na matsa kusa da shi na ce, "Petit, ko a sayo maka fedal?"

Bayan la'asar Rauda ta ɗaga hannu. Ganguna suka tsaya. Wuri ya yi tsit, sai Tsohuwa. Gurnanin nan ya cika tsakar gida, zuuu, kamar an tone gidan zuma. Kawu ya taɓa waya a hankali yadda ya saba, ta amsa da ƙaraji. Ya sassauta yatsa, ta ƙi sassautawa. Ya rage maɓallin jikin gita, sautin ya dushe kamar daga cikin bargo, gurnanin kuma yana nan daram. Ya miƙa hannu ya rage na ampili, komai ya ɓace. Ya ɗan ƙara, ta dawo da haushinta. Tsakanin ihu da shiru babu wurin tsayawa.

Rauda ta fara kiran sunaye a haka. Ta kai kan kakan Alhaji Aboubacar, sai gwaggon amarya, Hajiya Tani, ta ɗaga murya daga kan tabarma.

"Wa ta ce? Ban ji ba. A sake!"

Rauda ta sake.

"Wai injin niƙa aka kawo mana ne? Ana kiran iyayenmu ana markaɗe?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ja tsaki. Rauda ba ta dubi Kawu ba. Hannu kawai ta yi masa ta baya, alamar kashe. Ya kashe. Lampun suka dushe sannu a hankali. Abdoulaziz ya latsa wani abu a piyanonsa mai kama da sarewa, aka ƙarasa kiran asali da shi. Kawu ya zauna da gita a cinya har aka tashi.

Washegari muka koma wajen Yaou. Bai ce na gaya maka ba, ya dai cire tabarau ya goge. Ya ce wutar gurup ba ta da tsabta, da can Tsohuwa tana haɗiye dattin, yanzu kuwa tana shelarsa. Tsohon lampun yana nan, ya mayar. Amma 'yan ƙananan abubuwan biyu ya riga ya jefa su cikin wani babban gwangwani inda irinsu suke cike maƙil, duk kamarsu ɗaya. Ya tona, ya tona, ya zaɓo masu lamba iri ɗaya ya liƙa.

Kawu ya kaɗa. Ni dai a kunnena Tsohuwa ce sak. Shi ya daɗe yana maimaita wuri ɗaya.

"Ba ita ba ce."

"Ita ce, Muttaƙa. Lamba ɗaya ce."

"Lambar ce ɗaya."

Ko kunnensa ne ya fi namu, ko zuciyarsa ce ta ƙi, ban sani ba. A mota ya kama mata kujera kamar kullum, amma bai dafa ta ba ko da muka faɗa ramuka.

Rauda ba ta kore shi ba. Mutuniyar kirki ce, kuma sun daɗe tare. Ta aiko cewa ya ci gaba da zuwa, sai dai ya bar ampili a gida. Mai sono zai ba shi waya ya jona gita kai tsaye, shi zai riƙa ƙara masa da rage masa daga teburinsa. Kawu ya ce to. Inna Latifa ta lulluɓe Tsohuwa da tsohon zane a kusurwar ɗaki, yanzu a kanta ake ajiye fulas ɗin shayi. Bayana ya huta, ban kuwa ji daɗin hutun ba.

Bikin da ya biyo baya a Sérou aka yi, can cikin ƙauye, hanyar jar ƙasa. Na bi su don an ce za a yanka sa. Ana jin Kawu sarai, ba gurnani, ba ƙaraji. Sautin siriri ne, a bushe, irin wanda kake ji a wayar kowa. Da aka zo kiran asali ya kaɗa abinsa daidai, bai kuskure ko ɗaya ba, Rauda ta jera sunaye lafiya.

Ana cikin haka sai kakar ango, Inna Sauda, wadda idanunta suka yi hazo, ta jawo rigata. Tana zaune dab da inda makaɗa suke.

"Kai ɗan nan, Rauda ba ta zo da Muttaƙa ba ne bana? Ko ba ya da lafiya?"

Na waiwaya wajen makaɗa. Kawu ya ji ta. Ya ɗan sunkuyo, yatsunsa ba su tsaya ba.

"Ga ni, Inna. Na zo."

"Au, kana nan? Sannu, ɗan albarka." Ta gyara zama, ta juya kunnenta wajensa. "To ka kaɗa mana mana."