Damtsen da Ba a Auna Ba

Baba Sannu bai taɓa zama likita ba, kuma bai taɓa yarda a kira shi haka ba. Aikinsa tura gadon marasa lafiya ne a babban asibiti, daga bakin ƙofa zuwa ɗakin gaggawa, daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin jinya, wani lokacin kuma zuwa can ɗakin baya mai sanyi inda ba a dawowa. Duk wanda ya ɗora a gadon nan sai ya sunkuya ya ce masa, "Sannu." Har waɗanda aka riga aka lulluɓe wa fuska yakan ce musu. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa ta koma kiransa da shi.

A dogon barandar asibitin nan ya ga abin da ya hana shi sakat har ƙarshen rayuwarsa. Sai a kawo mutum ƙaƙƙarfa, baki ya karkace, ɓari guda ya mutu, dangi na biye suna cewa ai jiya lafiya lau yake. Nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta girgiza kai, ta ce hawan jini ne, da an auna shi da wuri da bai kai ga haka ba. Wata rana wadda aka kawo ɗin yayarsa ce, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A gaban bahon wanki ta faɗi. Shi ya tura ta ciki, shi ya tura ta ɗakin baya.

Bayan wannan ya manne wa wata tsohuwar nas har ta koya masa awo: yadda ake naɗa ƙyallen a damtse, a matsa robar iska, a sa abin saurare a kunne, a tsare allurar agogon da ido har a ji bugu na farko da na ƙarshe. Da za ta bar aiki ta ba shi tsohuwar na'urarta. Maɗaurin ƙyallen ya riga ya mutu, ba ya kamawa. Dole mai awo ya riƙe shi da hannu ɗaya, ya matsa iska da ɗayan.

Da lokacin barin aikinsa ya yi, bai nemi inuwa ya shimfiɗa tabarma ba. A ƙarshen layinsu akwai wani sito na kamfanin sabulu da ya durƙushe, ba kowa a ciki sai jemagu da ɓeraye. Ya yi ta zarya ofishin hukuma har takalminsa ya cinye, aka ba shi aron wurin da sharaɗi guda: muddin jama'a na amfani da shi, nasu ne, ranar da aka ga ya koma kango za a ba masu manyan motoci su riƙa fakin.

Abokinsa tun na ƙuruciya, Mai Walda, shi ya fara kama masa.

"Ka gama tura marasa lafiya, yanzu kuma mu masu lafiya za ka tura?" in ji Mai Walda, yana toshe hanci saboda kashin jemage.

"Kai ko an tura ka ba ka motsi, tsohon kawai. Riƙe mini tsanin nan."

Suka kankare ƙasa, suka toshe rufi. Mai Walda ya ƙera ƙofa da bencina daga ragowar ƙarafan shagonsa. Aka kafa tanki a ƙarƙashin indararo don tara ruwan sama, aka yi lambu a bayan ginin, wani mai gyaran wuta ya ɗora farantin sola a kan rufi. Aka rubuta "Gidan Kowa" a saman ƙofa da ragowar fenti.

Baba Sannu ya sha ganin wurare irin wannan da aka buɗe da tafi da ɗaukar hoto, mai ɗaukar nauyi na juya baya su mutu. Don haka ya kafa doka biyu. Ta farko, ba a roƙon kowa, duk mai shigowa ya zo da abin da hannunsa ya iya. Mai Aski ya riƙa yi wa tsofaffi aski da safe, wani tsohon malamin makaranta yana koya wa manya karatu, Mai Ɗinki ta kawo kekenta tana koya wa mata. Doka ta biyu ita ya fi ji da ita: kowane aiki sai mutum biyu sun iya shi. Famfon tanki mutum biyu, batirin sola mutum biyu, makullin ƙofa ma biyu aka yanka.

"Abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani," yakan ce, "tare da shi ake binnewa."

Nasa wurin yana lungun hagu, bayan wani labule kore: teburi, kujera biyu, da na'urar a cikin akwatinta. Ba ya ba da magani, ko na ciwon kai. Yakan auna, in ya ga allura ta haura sai ya ce, "Tashi mu je," ya raka mutum har asibiti. Gaskiyar magana, saboda labulen nan jama'a suke zuwa. Mai jiran awo shi ke zama a yi masa aski, matar da ta kawo surukarta ita ke leƙa wajen ɗinki. Awon ne ke jan sauran, kamar yadda rijiya ke jan hanya.

Mai Ɗinki ce ta fara fito masa da maganar. Mace ce mai kaifin baki, sa'ar babbar 'yarsa, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Baba, wai dokar nan taka ta mutum biyu, ba ta ratsa labule ne?"

"Aikin kunne ne, 'yata, ba ɗinkin aljihu ba. Ki kuskure kaɗan, ki sallami mai ciwo ya tafi gida ya faɗi."

"To in kai ka faɗi fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji shi, yana dariya.

Dariyar ba ta kai ciki ba. An daɗe ƙeyarsa na yi masa nauyi da safe kamar an ɗora dutse. Kunnensa na ƙugi. In ya sunkuya a lambu ya ɗago, sai ya ga ƙananan taurari na yawo. Ya san sunan abin, wa ya fi shi sani? Amma na'urarsa ba ta aunuwa da hannu ɗaya, kuma duk unguwar ba wanda ya iya sai shi. Matarsa ta ce, "Sannu, ka je a duba ka mana." Ya ce gajiya ce. A ransa yana cewa bari a gama liƙe tankin da ke yoyo, bari wurin ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Ya san mutanen asibiti, suna ganinsa za su ce kwanta, kuma in ya kwanta labule ya rufe.

Da Mai Ɗinki ta ƙi sakin maganar, wata safiya ya ce ta zo. Ya nuna mata komai a natse, yadda tsohuwar nas ta nuna masa. Kuma yadda aka koya masa, ɗalibi a damtsen malaminsa yake fara gwaji, don in ya matse da yawa malamin ya ji a jikinsa. Bai tsaya tunani ba ya naɗe hannun riga ya miƙa. Sai da ƙyallen ya fara kumbura ya tuna cewa rabon da a ɗaura masa abin nan tun yana aiki.

Mai Walda da Mai Aski sun ɗage labule suna kallo. Mai Ɗinki ta riƙe maɗauri da hagu, ta matsa da dama, ta saki iska a hankali. Goshinta ya tattare.

"Baba, na ji bugun tun allura tana sama da ɗari biyu."

Shi ma ya gani. Idonsa na kan agogon, ya ga inda allurar ta fara rawa. Ya dubi bencin da ke cike da masu jira, ya dubi abokinsa, sai ya ji bakinsa na cewa, "Bugun zuciyarki kike ji, 'yata. Tsoro ne."

"Sama da ɗari biyu!" Mai Walda ya tuntsire da dariya har yana dafa bango. "Ai da haka ne da tuni mun yi sadakar wannan tsohon."

"Koma kan kekenki, Hajiya," in ji Mai Aski, "kafin ki kashe mu da rai."

Ta sake gwadawa. Abin da ta ji ɗazu shi ta ƙara ji. Baba Sannu ya zare ƙyallen ya ce ta matse da yawa, kunne sai a hankali yake gogewa. Ba wanda ya yi shakka. Kunnen da ya ceci rabin unguwa ne ya yi magana, wa zai bi na tela? Ta ajiye abin sauraren a teburi kamar ya ƙone ta, ta koma wajen kekenta. Ba ta ƙara ɗaga labulen ba, shi kuma bai ƙara kiranta ba, don kiranta na nufin sake miƙa damtse.

Damina ta kama, aka liƙe tanki, ya cika. Wata la'asar yana ɗaure tumatir a lambu igiyar ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙasa ta taso ta same shi.

A asibiti wani sabon ma'aikaci ne ya tura shi, da sauri, yana waya da ɗayan hannun. Baba Sannu na kwance yana kallon fitilun barandar suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru yana bin wannan hanya, bai taɓa sanin rufin ya tsage haka ba. Ya yi ta jira a sunkuyo a ce masa wani abu, har aka kai shi.

Ya dawo gida ɓarin dama a mace, baki a karkace. Magana duk ta gudu ta bar masa kalma ɗaya. In yana jin ƙishirwa, "Sannu." In matarsa ta juya shi ciwo ya soke shi, "Sannu." Aka ɗauko masa akwatin na'urar aka ajiye a kan taga inda zai riƙa gani.

Mai Walda na zuwa kullum ya zauna a bakin gado yana zuba masa ƙarya. Wai Gidan Kowa cike yake, har ba wurin zama. Baba Sannu ya san abokinsa, in yana ƙarya ƙasa yake kallo. Daga hirar mata a tsakar gida ya tsinci gaskiya. Dokarsa ta yi aiki, famfo na tafiya, wuta na kamawa, ana buɗe ƙofa. Amma mutane sukan leƙa, su ga lungun hagu ba kowa, su juya. Mai Aski ya koma bakin titi neman masu aski. An ga wani mai manyan motoci yana auna faɗin ƙofar da taku.

Mai Ɗinki ta daɗe ba ta zo ba. Ranar da ta zo, daga bakin ƙofa ta tsaya ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Ya ɗaga hannunsa mai rai ya nuna taga. Matarsa ta zaci iska yake so. Ya girgiza kai, ya sake nunawa, har ta gane ta sauko da akwatin. Sai ya miƙa wa Mai Ɗinki damtsen hagu.

"A'a, Baba. Ni ban iya ba. Kai da bakinka ka faɗa."

Bai sauke hannun ba. Hannun ya fara karkarwa, gumi ya karyo masa, miyau na zuba ta gefen bakin da ya mutu, bai sauke ba. Mai Walda ya ce, "Don Allah karɓi, kar ya kashe kansa."

Ta durƙusa ta naɗa, ta matsa, ta saurara. Ta faɗi abin da ta ji. Idonsa na kan allura, ya gyaɗa kai. Ta ɗago ta dube shi, abin sauraren na rataye a wuyanta.

"Ranar nan ma daidai na ji, ko?"

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ke da rai.

"Ka sani! Wallahi ka sani, Baba! Ka bari suka mai da ni abin dariya, na koma gida ina cewa kunnena ne ba shi da kyau. Da ka ce e, ai da a ranar mun ɗauke ka ko kana so ko ba ka so. Kai mai cewa mutane tashi mu je!"

Yana da abin faɗa cike da ƙirji. Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Sannu," ya ce.

Mai Walda ya tashi ya fita tsakar gida, aka ji yana fyace hanci. Mai Ɗinki ta naɗe ƙyallen, ta tsaya tana juya mataccen maɗaurin a hannunta.

"Wannan kuma," ta ce, "aikin zama ɗaya ne. Ina nan kusa da kai da keke, ba ka taɓa cewa in gyara ba."

Ta sa akwatin a hammata ta fita ba sallama.

Bai ga ƙarshen daminar ba. Ciwon ya dawo masa wata safiya matarsa na shafe masa fuska da ruwan ɗumi, bai ko yi motsi ba. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, mai taushin hannu, wanda bai iya ganin wani a kwance ya wuce ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya yi wa kansa.

Gidan Kowa bai mutu ba, amma bai tsira duka ba. Kafin jama'a su dawo, hukuma ta riga ta ba masu motoci filin baya. Inda tumatir yake, yanzu baƙin mai ne da tayoyi, kuma ƙarar injin kan sa mai awo ta dakata har a kashe. Benci biyu sun ishi masu zuwa. Mai Ɗinki ce a bayan labule. Ta ɗinka wa ƙyallen sabon maɗauri, yana kamawa da kansa. Ta koya wa Mai Aski, ba ta kuma taɓa tuna masa maganar keke ba. Kowace safiya kafin a taɓa kowa, shi zai auna ta, ita ta auna shi, su faɗi abin da suka ji da ƙarfi kowa ya ji.

Bayansu sai Mai Walda, shi ne na farko a layi kullum. Yakan naɗe hannun riga ya miƙa, ya kafa ido a kan kujerar Baba Sannu da ke gefe, ba kowa a kanta. Duk abin da Mai Ɗinki ta ce ta ji, ba ya musu.