Shafin da Akuya Ta Cinye

Wata dattijuwa ce tsaye a rumfar mai tsofaffin littattafai, kwandon cefane a hannu, ƙafar tabaranta ɗaure da zare. Yatsunta duk sun yi kanta, ina jin tela ce. Tana riƙe da wani littafin yara, labarin ɗan maraƙin da ya ɓata. Ko kallon farkon ba ta yi ba, ƙarshen take karantawa, leɓenta na motsi.

"Inna, jika za a saya wa?" in ji mai rumfar.

"Wane jika! Namu na gida akuya ta cinye ƙarshensa tun ina 'yar mitsitsiya. Har na tsufa maraƙin nan na raina."

Ta ɗaga tabarau, ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe dai ya ga uwarsa," ta ce.