Maɓalli a Hannun Baffa Buba

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina nas a sashen haƙori na wani asibiti a Batsari, shekarun da manoma suka daina zuwa gonakin nesa saboda 'yan bindiga. Aikina shi ne lura da numfashi da jinin maras lafiya yayin da likita ke aiki.

Da hantsi wani dattijo Bafulatani ya zo daga wata ruga kusa da Runka, sunansa Buba. Haƙorinsa na can ciki ya karye cikin dasashi, sai an tsaga. Tun a bencin jira mutane suka janye daga kusa da shi. Ni ma ban gaishe shi da kyau ba, don sati uku ke nan da 'yan bindiga suka kashe yayana a gonarsa a Wagini.

Da ya zauna a kujera sai jininsa ya hau. Likita ta ce ba za ta sa wuƙa ba sai ya natsu. Ina ambatar maganin barci ya kafa mini ido.

"In na yi barci a nan, wa ya san ko zan farka?"

Ashe ya ji ana yi mini ta'aziyya a baranda.

Muna da wata na'ura da likitoci baƙi suka ba mu aro. Ana haɗa ta da jijiyar hannu, maras lafiya ya riƙe maɓalli. In ya danna, maganin natsuwa kaɗan ya shiga, sai ta kulle na wasu mintoci don kada ya yi yawa. Na haɗa masa ita, na damƙa masa maɓallin.

"Baffa, ni ba zan sa maka komai ba. In ka so, kai za ka danna."

Likita ta yi allurar kashe zafi, ta fara tsagawa. Bai danna ba. Zufa ta jiƙe masa riga, jinin sai hawa yake. Likita ta raɗa mini cewa in jinin ya ƙara hawa, dole mu tsaya da rauni a buɗe. Ina iya tura maganin daga jikin na'urar, amma na riga na yi alkawari. Sai na dafa kafaɗarsa, na yi masa sannu da ɗan Fulatancin da na iya. Ya daɗe yana kallona, sannan na ji na'urar ta yi ƙara. Sau biyu kawai ya danna har aka gama.

Bayan mako ya dawo cire zaren ɗinki, tare da matarsa mai ciwon haƙori, ya ce ni yake so in tsaya a kanta.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata su fara gano abin da mutum ke tsoro kafin su auna jininsa. Wani ba wuƙar yake tsoro ba, mu yake tsoro.