Kujerar Ɗan Abokina

Ranar Asabar ce, bayan sallar La'asar, a makon farko na komawa makaranta, cikin shekarar da aka biya ma'aikatan gwamnati ariyas na ƙarin albashi. Mu huɗu ne a tsakar gidan surukata a Sabon Gari: ni, da matata, da mahaifiyarta wadda kowa ke kira Alhaja, da ɗanmu na fari, mai shekara biyu, yana zaune a cinyar kakarsa da ƙululu a goshi. A kan ƙululun nan aka taru.

Matata malamar firamare ce a Fagge, inda muke haya. Tun da ta koma aiki bayan haihuwa take tafiya da yaron makaranta, domin hedimasta ya yarda a zo da mai shan nono. Yayayye ne bai yarda da shi ba. Da aka yaye yaron a lokacin hutu, sai muka shirya cewa kullum da safe zan sauke shi a wurin Alhaja kafin in wuce aiki, in ɗauko shi da yamma. Ina da mota a lokacin, ta farko a rayuwata, 'yar ƙarama mai ƙusumbi da ƙofa biyu, injinta a baya. Alhaja tana kiranta ijapa, wato kunkuru da Yarabanci.

Ran Litinin na ɗora shi a kujerar baya, na ce ya zauna. Ya zauna har muka fita daga layinmu, sannan ya miƙe tsaye yana yi wa masu keke ihu. A mararrabar da ke zuwa tashar jirgi wani mai amalanke ya shigo gabana. Na taka birki, na ji tim a bayana. Bai ji ciwon kirki ba, amma goshin ya tashi kafin mu isa. Tun daga ranar Alhaja ba ta bari ya sake shiga motar ba, a wurinta yake kwana.

A Kano aka haifi Alhaja, mahaifinta ne ya zo daga Ilori da fatauci. Atamfa da leshi take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari. 'Yar ƙaramar mace ce, muryarta ce babba, kuma ba ta san kewaye-kewayen surukai ba. Ni ina tsugune a bakin tabarma, kaina a ƙasa, ita kuwa tana kallona kai tsaye.

Ta ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Idan hannunka biyu suna kan sitiyari, da wane hannun kake riƙe mini mijina?" Haka take kiran jikan nata.

Na ce, "Alhaja, tsautsayi ne."

"Tsautsayi ba a gayyatarsa, gaskiya ne. Amma kai ka share masa zaure, ka shimfiɗa masa tabarma. Ku bar mini shi kawai. Ga ɗaki, ga abinci. Idan ya isa shiga makaranta ku zo ku ɗauka."

Ba baƙon abu ba ne a bar ɗan fari a hannun kaka. Ni kaina a hannun kakata na tashi. Na dubi matata ta gefen ido. Murza bakin mayafinta kawai take yi. Tun Litinin gidanmu ya yi tsit. Babu mai kifar da buta, babu mai ɓoye mini takalmi ɗaya a cikin tukunya. Ni da ita ba mu yi zancen ba ko sau ɗaya, amma da asuba nakan ga ta dama koko a ƙaramin kofinsa, ta tsaya tana kallo, sannan ta shanye.

Na ce, "Idan aka sami kujerar da za ta riƙe shi fa?"

"Akwai irinta?"

"Turawa suna da ita."

"To kawo in gani kafin watan nan ya mutu. In ta riƙe shi, ka ɗauki abinka. In ba ta riƙe ba, mijina yana ɗakina."

A shekarun nan manyan kantuna cike suke da kaya: firji, fanka, rediyo mai kaset, har da abubuwan da masu sayarwa ba su san amfaninsu ba. A ɗaya daga cikinsu na tarar da kujerun yara iri biyu. Ta farko kamar kwando take, ta jarirai, ana kwantar da yaro yana fuskantar baya. Ta biyu tana da ƙugiya biyu da ake ratayawa a jikin kujerar mota, ga ɗan sitiyarin roba a gaba da oda a tsakiyarsa.

Ma'aikacin kantin ya ce, "Ta ɗanka ce?"

Bakina ya riga ni: "Ta ɗan wani abokina ce."

Ban shirya wannan amsa ba. Haka aka rene mu. Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, balle ya shiga kanti ya ce sayayya yake yi masa.

Kwandon ya yi masa kaɗan, wannan ba sai an gwada ba. Mai ƙugiyar kuwa na girgiza ta, na ga idan aka taka birki tare za su tafi gaba da yaron. Kuma ma'aikacin ya ce yaro ba ya wuce shekara guda a ciki yake fin ƙarfinta. Da na ba matata labari sai ta ce, "Wato baɗi war haka a jefar? Ni da ko takalmin Sallah ba na saya masa daidai ƙafa? Je ka a yi mana tamu. Ka ce a ƙara taƙi guda, zai girma a ciki."

A bayan tashar motoci ta Sabon Gari akwai rumfar wani mai kushin, Ibo ne da ya dawo Kano bayan yaƙin basasa ya sake buɗe sana'arsa. Shi yake yi wa motocin haya kujeru, maƙwabcinsa mai walda yana haɗa masa ƙarfe. Na yi masa bayani, ya saurara da kyau, aikin ya burge shi.

Ya ce, "Ina yaron?"

"Ɗan abokina ne. Ba ya kusa."

"To awo fa?"

Na miƙa hannu na nuna tsawonsa daga ƙasa. Na ɗaga hannun taƙi guda, na matata. Sai na yi tunanin yaron ai girma yake yi kullum, na ƙara nawa taƙin. Mai kushin ya sa alama da alli a jikin bango, kuma ina tsaye na ga ya ɗan haura sama da inda hannuna ya tsaya. Ya ce, "Yaran yanzu madarar gwangwani suke sha, Malam. Tsiro suke kamar masara." Ban hana shi ba. A faɗi ma haka muka yi.

Ranar da na je karɓa na tarar da kujera mai kyan gaske, jar leda, soso mai kauri, har da wurin ɗora hannu. Da ƙyar ta shiga ta ƙofar kunkuru. Na ɗauki matata muka nufi gidan Alhaja. Alhaja ta fito bakin ƙofa da yaron, maƙwabta ma suka fito, domin labari ya riga mu.

Aka zaunar da shi. Ya zama kamar ƙwayar gyaɗa a tsakiyar akushi. Ƙafarsa ba ta kai bakin kujerar ba, maɗaurin da aka yi don kafaɗa ya bi ta saman kansa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sulale ta ƙasa, ya haye kujerar direba ya kama sitiyari.

Alhaja ta yi dariya har ta dafa bango. Ta sa aka fito da kujerar aka ajiye a ƙasa. Ta gyara zaninta, ta zauna. Ta shiga daidai, kamar da ita aka auna.

Ta ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka. Ashe ni ka yi wa! Gobe a kai mini ita rumfa, dama bencina ya ishe ni da ciwon baya."

Matan layin suka kwashe da shewa. Ni ma dariyar ta kama ni, sai dai na san saura kwanaki kaɗan wata ya mutu.

Matata ce ta yi magana, a hankali, tana shafa ledar. "Kada a rage ta. A cike ta. Idan na ɗinka masa riga kalmasa nake yi mata, in ya girma in warware. A yi matasai a jera a ciki, yana girma ana cirewa ɗaya-ɗaya."

Alhaja ta dubi 'yarta, ta dube ni. Ta san idan shawarar ta yi aiki ita ce da asara. Amma mace ce da ba ta iya ganin aikin da aka yi da ka ta yi shiru. Ta ce, "Ni ko ɗankwali ba na yankewa sai na ga kan mai shi. Ka kai yaron a gwada shi." Ta ɗauke shi daga kujerar direba ta miƙo mini, a tsakiyar titi, a gaban kowa.

Na karɓa. A ɗaki nakan ɗauke shi, in ba kowa. A waje kuwa wannan ne na farko. Ya fi yadda nake zato nauyi, kuma bai kai ko kusa da alamar allin nan ba.

Rumfar ba ta da nisa, don haka aka kira ɗan dako ya ɗora kujerar a ka. Yana gaba, ina biye da yaro a kafaɗa, ya cire mini hula yana kaɗa ta. Wajen masu sayar da taya muka haɗu da wani dattijo daga layinmu na Fagge. Ya tsaya, ya ce, "A'a, Malam, yau kai ne da goyo?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Madalla. Riƙe shi da kyau, ga kwata nan." Ya wuce abinsa. Iyakar abin da duniya ta ce ke nan.

Mai kushin ya ga kujera ta dawo, ya ga yaro. Ya dubi yaron, ya dube ni, ya sake duban yaron.

Ya ce, "Malam, wannan abokin naka, kunnenku iri ɗaya ne."

Mai walda ya ajiye tabaransa yana dariya.

Na ce, "Ɗana ne."

"To ai da ka faɗa tun farko, da na yi maka ragi. Zaunar da oga mu gani."

A nan aka auna shi yana zaune, yana cin gyaɗar da mai walda ya ba shi. Aka yanka soso: matasai biyu a baya, ɗaya a kowane gefe, ɗaya a ƙasa, kowanne da igiyar ɗaurewa. Aka huda bayan kujerar a hawa uku, yadda za a riƙa matsar da maɗaurin kafaɗa sama. Mai walda ya ce ya kamata a ɗaure ƙarfen da noti a jikin motar kanta, na ce a ɗaure. Maɗaurin yana da kaushi a wuya, sai washegari Alhaja ta aiko da wani tsohon majanyi na saƙi, ta ce a naɗe shi da shi. Ba ta aiko da wani bayani ba.

Ranar gwaji ita ta zaɓi hanya. Ta lanƙwasa ta shiga baya ta zauna kusa da jikanta, tana mita a kan motar da sai an yi mata ruku'u kafin a shiga. Matata tana gaba. Muka bi wani titi marar jama'a a bayan rumbunan kayan jirgi.

Alhaja ta ce, "Ƙara wuta." Na ƙara. "Taka birki!"

Na taka a hankali.

"Wannan birkin kunyar suruka ne. Irin na ranar mai amalanke nake so."

Na sake ɗaukar hanya, na ce kowa ya riƙe, na taka da gaske. Taya ta yi ƙara. Gwaggwaron Alhaja ya tashi daga kanta ya sauka a cinyar matata. Na juya da sauri. Yaron yana nan inda aka ajiye shi, ƙafafu a sama, baki a buɗe. Ya ce, "Ƙara!"

Alhaja ta karɓi gwaggwaronta ta ɗaura ba tare da madubi ba. Ta zura yatsa a ƙarƙashin maɗaurin, ta ja, ta girgiza kujerar da hannu biyu.

Sannan ta ce wa yaron, "To, maigida, ka ci amanata. Tafi gidanku." Ta juyo gare ni. "Amma daren Juma'a nawa ne. Wannan ba na neman shawarar kowa."

Na ce, "Naki ne, Alhaja."

Matata tana kallon titi ta taga, kamar ba da ita ake ba. Sai da muka sauke Alhaja muka kama hanyar Fagge ta miƙa hannu baya, ba ta juya ba, ta riƙe ƙafar yaron har ƙofar gida.

An cire matashin farko bayan Babbar Sallah ta wannan shekara, na ƙarshe kuma a shekarar da ya shiga aji ɗaya. A makon da aka cire shi aka wanke su duka aka mayar, domin an yaye ƙanwarsa.