Maɓallin Hajiya Memuna

A duk shekarun da na yi ina sakataren makarantar nan, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar wani zaɓen shugaban kwamiti. Ku sababbin malamai kun sha jin gutsattsarin labarin a bakin iyaye, kowa da nasa ƙarin gishirin. Gara ku ji daga bakin wanda ya zauna a teburin.

Makarantar tana nan inda take yanzu, a saman tsohuwar masana'antar takalma, a unguwar bayan gari kusa da filin jirgin sama na Baiyun. 'Yan kasuwarmu da ke zaman baƙunci a ƙasar nan ne suka haɗu suka kafa ta, na Kano da na Maraɗi da Yamai da na zangon Ghana, don 'ya'yansu su sami karatun Alƙur'ani da Hausa da lissafi. Kwamitin iyaye ne ke tafiyar da ita, kuma duk bayan shekara biyu ake zaɓen shugaba, gida ɗaya ƙuri'a ɗaya. Da can layi ake yi a bayan ɗan takara, sai aka ga abin yana jawo gaba a kasuwa, aka koma maɓalli. Sakatare zai zauna a bakin ɗakin ajiya da aka sa wa labule, ya miƙa wa wakilin kowane gida maɓallin riga ɗaya. Mutum ya shiga, ya jefa a kwalin wanda yake so, ya fito. Ɗakin ba shi da taga, ba shi da wata ƙofa sai wadda nake zaune a bakinta.

A shekarar mutum biyu ne suka tsaya. Alhaji Isufu na Maraɗi, dillalin yadi, yana so a mayar da makarantar cikin gari, a yi mata rajista sosai, kuma kada a ƙara karɓa ko riƙe yaron da takardun zamansa ba su cika ba. Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji kada wata rana hukuma ta rufe mu gaba ɗaya. Malam Abdulkarim na Kumasi, mai aika kaya ta tashar jiragen ruwa ta Nansha, shi kuma cewa yake a zauna a nan, a bi wa yaran takardunsu a hankali, ba a kori kowa ba. Iyaye suka rabu biyu, har wasu suka daina gaisawa.

Aka sa zaɓen ranar Lahadi bayan sallar azahar. Tun da safe aka yi sanarwar guguwar teku na tafe. Kafin mu idar da salla gari ya yi duhu kamar magariba, ruwa ya kece. Kun san yadda jirage ke wucewa ta saman rufin nan ba ƙaƙƙautawa, har malami ya riƙa dakatawa da karatu. Ranar an tsayar da su duka. Shirun da ya biyo baya sai ya yi mini nauyi a kunne.

Iyaye suka taru a babban aji suna jira, ni kuma ina baranda ni kaɗai da kwanon maɓallai. Ina kiran gida ɗaya bayan ɗaya, suna jefawa suna komawa ciki. An kusa gamawa ke nan wuta ta ɗauke, sai ɗan hasken da ke shigowa ta matakala.

Ina ɗaga kai na ga Hajiya Memuna tsaye a gabana. 'Yar zangon Accra ce, tana sayar da jakunkunan mata, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu a makarantarmu. Babbar, Fati, takardunta sun cika. Ƙaramin, Sadik, a nan aka haife shi, nasa kuma sun maƙale. Na san ta kwana biyu ba ta da lafiya, don haka ban sa ran zuwanta ba. Ba ta da laima, mayafinta ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gefensa.

Na ce, "Hajiya, a cikin wannan ruwan? Yaya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi yanzu, Malam. Ba ni nawa."

Na miƙa mata maɓallin. Yatsunta suka taɓa tafin hannuna, sanyinsu kamar ƙanƙara. Ta ɗan tsaya tana duban ƙofar ajin da yaranta ke zama, sannan ta ce, "Ba a raba yaya da ƙanenta saboda takarda." Ta ɗaga labule ta shiga. Na ji ƙarar maɓallin ya faɗa kwali.

Na jira ta fito. Shiru. Na yi gyaran murya, na ce, "Hajiya, kin gama?" Ba amsa. Na ji tsoron ko jiri ne ya kwashe ta, sai na kira wata mata daga cikin iyaye na ce ta leƙa. Ta ɗaga labulen, ta haska da wayarta, ta juyo tana dubana.

"Malam, wa zan duba? Ba kowa a nan."

Na ce wa kaina wataƙila ta fita lokacin da na juya kiran matar. Amma da na dubi ƙasa, sawun ƙafa ne jiƙaƙƙu daga matakala zuwa labule, babu na dawowa. Ban ce wa kowa komai ba. Na kira sauran gidajen.

Aka juye kwalayen a kan tebur gaban kowa, aka ƙirga a hasken wayoyi. Malam Abdulkarim ya ci da tazarar maɓalli ɗaya tak. Mutanensa sun fara murna ke nan wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, daga asibiti. Muna kallonsa ya saurara, fuskarsa ta canja, ya yi salati.

Ya ce, "Allah ya yi wa Hajiya Memuna rasuwa. Tun da hantsi. Guguwa ce ta hana waya shiga."

Aji ya ɗauki salati. Ni kuwa na dubi maɓallan da ke kan tebur. Da zan iya yin shiru, amma aikin sakatare shi ne ya faɗi wanda ya jefa da wanda bai jefa ba. Na miƙe na ce, "Jama'a, gidan Hajiya Memuna ya jefa ƙuri'a. Ni na ba ta maɓallin da hannuna."

Wani ya ce na ruɗe ne, wata mata ce daban na gani. Aka duba, duk matan da suka zo suna nan zaune, kowacce ta jefa nata sau ɗaya. Aka kirawo tsoho Chen mai gadi, aka tambaye shi ko wata ta shigo bayan ruwa ya sauko. Ya girgiza kai, ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Ya nuna mana makullin da ke wuyansa. Tun da iska ta tashi ya kulle ƙofar ƙasa, bai buɗe wa kowa ba.

Mutanen Alhaji Isufu suka ce to a soke wannan ƙuri'ar, a sake zaɓe, matacce ba ya zaɓe. A ƙa'ida suna da gaskiya, kuma na shirya faɗin haka. Alhajin da kansa ya taso ya ce a sake ƙirgawa a gabansa. Ya riƙa tura maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duk a bushe suke, har ya zo kan wani da ya jiƙa takardar da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Ya ɗauka, ya riƙe shi a tafin hannu yana dubawa. Sannan ya ajiye shi a cikin na abokin takararsa a hankali.

Ya ce, "A bar shi yadda yake. Malam Abdulkarim, Allah ya taya ka riƙo."

Mutanensa suka fara gunaguni, ya ɗaga musu hannu, ya ɗauki hularsa ya sauka. Sai da mai gadi ya buɗe masa ƙofa.

Aka yi wa Hajiya sutura. Gidan Malam Abdulkarim suka riƙe yaran biyu tare, suka ci gaba da zuwa makaranta har danginsu suka zo daga Accra.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na haɗu da Alhaji Isufu a harabar Masallacin Huaisheng, muna neman takalmanmu. Ya ja ni gefe. Ya ce mako guda kafin zaɓe ta same shi a shagonsa, da ƙyar take tsayuwa, ta roƙe shi kada ya kori Sadik daga lakwal, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran makaranta.

"Ina cikin ciniki, Malam. Ban ko ba ta kujera ba. Na ce mata in tana da magana ta zo ranar zaɓe ta faɗa da ƙuri'arta." Ya dubi ƙasa. "To, ta zo."

Na kai maganar gaban liman, ya ce abin da ke gaibu na Allah ne, mu yi mata addu'a mu bar bincike. Na bari. Har yau ban san abin da na gani ba, kuma ban taɓa cewa na sani ba.

Abin da na sani shi ne wannan. Za ku zauna taron kwamiti ku ji ana gardama kan gini da rajista da takardu, har ku gaji ku ɗauka rigimar manya ce kawai. Ba haka ba ne. Duk hukuncin da aka yanke a ɗakin nan, akwai yaron da zai faɗa a kansa, kuma akwai uwar da ba za ta samu natsuwa ba sai ta san makomarsa. In mahaifi ko mahaifiya suka zo muku da magana a kan ɗansu, komai aikin da ke gabanku, ku ajiye, ku ba su wurin zama, ku saurara tun suna iya zuwa da ƙafarsu.